Kura da shan bugu

Ranar wata Asabar ta watan Nuwamba na 2025, tun gari bai waye ba, wata mata mai kimanin shekara 40 ta tsaya a tashar jirgin ƙasa ta wani gari na tsakiyar Faransa, tana jan akwati mai ƙafafu. Tufafin da ke cikin akwatin kaɗan ne. Abin da ya cika shi kwalaben tawada ne da alƙaluma da burushi, sai ƙunshin hotunan zanenta da ta buga da kuɗin aljihunta ko za ta dace da masu saye. Ɗiyarta mai shekara 9 tana can tana barci a gidan kakarta, kuma wannan shi ne karo na 14 a cikin shekarar da uwar ta bar ta a ranakun hutun mako. Awa huɗu za ta yi a hanya, da canjin jirgi sau biyu, kafin ta isa wani ƙaramin gari inda ma'aikatar magajin gari ta shirya kasuwar littattafai ta kwana biyu.

Sana'ar wannan mata ita ce ba da labari cikin zane, abin da Faransawa ke kira bande dessinée, ƴan makaranta kuma su taƙaita su ce bede. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi lakkol a Nijar a shekarun baya sun san irinsa ta hanyar mujallar Kouakou, wadda aka fara rabawa yaran ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci a 1966, ko kuwa ta littattafan Tintin da Asteriks da ke yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya cire. Sai dai nata littafin ba na yara ba ne. Shafi 180 ne, baƙi da fari, a kan rayuwar mahaifinta wanda ya yi shekara 30 yana yankan fata a masana'antar takalma har ranar da aka rufe ta. Shekara uku ta yi tana zana shi. Manyan gidajen buga littattafai sun ce ba zai shiga kasuwa ba, don haka ta kai shi wani ƙaramin gida da mutum biyu ke riƙe da shi a cikin ɗaki guda.

Irin waɗannan ƙananan gidaje suna da tarihinsu. A 1990 wasu masu zane bakwai, cikinsu har da Jean-Christophe Menu da Lewis Trondheim da David B., suka gaji da sharuɗɗan manyan gidaje, suka kafa nasu a Paris da sunan L'Association. Su ne suka buga Persepolis na Marjane Satrapi tsakanin 2000 da 2003, labarin ƙuruciyar wata yarinya a Iran, wanda ya zagaya duniya. Tun daga nan kowa ya yarda cewa littafin zane yana iya ɗaukar magana mai nauyi kamar kowane littafi. Amma nasarar ta zo da nata ciwon. A shekarun 2010 littattafan bede da ke fitowa da Faransanci sun kai wajen dubu 5 a shekara, kuma teburin mai kantin littattafai bai ƙara faɗi ba. Littafi yakan yi ƴan makonni a gaban jama'a, in bai motsa ba a mayar wa mai shi, da yawa ma a niƙe su a sake yin takarda. Ƙaramin gida ba shi da kuɗin talla a rediyo ko a bangon tasha. Tallarsa guda ce, wato ƙafar mai zanen da hannunta.

Da ƙarfe goma na safe aka zaunar da ita a wani dogon tebur cikin zauren wasanni na garin, littattafanta 40 a gabanta, da kwalbar ruwa, da ƴar takarda mai ɗauke da sunanta. A nan mai karatu yake bukatar sanin wata al'ada ta Faransa da Beljiyam. Marubucin ƙagaggen labari in ya zo irin wannan taro, sunansa yake sa wa mai saye da kalmomi biyu ko uku, a wuce wurin. Mai bede kuwa, abin da ake jira daga gare shi zane ne cikakke a shafin farko na littafin, a gaban idon mai saye, kuma kyauta. Suna kiran wannan dedikas. Wani yakan gama cikin minti biyar, wani ya kai rabin awa in ya sa launi. Ita minti 15 take yi, don ba ta iya ba da abin da za ta ji kunyarsa.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san gyara. An auna tiya, an biya, sai mai hatsi ya ƙara ɗan tafi don mai saye ya ji daɗi ya komo gobe. Zanen dedikas gyara ne, kuma akwai dalilin da ya sa ya yi daraja haka. Tun 1981 dokar Faransa, wadda ake kira da sunan minista Jack Lang, ta ce mai buga littafi ne ke yanke kuɗinsa, kuma babu mai sayarwa da zai rage fiye da 5 cikin 100. An yi dokar ne don kada manyan kantuna su kashe ƙanana, ta kuma yi amfani. To tun da kuɗin littafi ɗaya ne a ko'ina, me zai fito da mutum daga gidansa cikin sanyi ya zo zauren wasanni? Zanen nan ne, wanda ba za a same shi a kanti ko a intanet ba. Sai dai a kasuwar hatsi, mai tiya ne ke ɗibar gyara daga buhunsa. A nan mai kanti ne ke karɓar kuɗin, gyaran kuma daga buhun wata yake fita.

Lissafin ba shi da wuya. Littafinta Yuro 20 ne, kusan jikka 13 na kuɗin Sefa. Gwamnati tana cire harajinta na 5,5 cikin 100. Mai kanti yana ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku, kamfanin rarrabawa ya ɗauki nasa, mai ɗab'i da mai buga littafi su raba abin da ya saura. Kason mai littafi a wannan sana'a yawanci 8 zuwa 10 ne cikin 100, in kuma wani ya rubuta wani ya zana, sai su raba. Ita da ta yi duka biyun, 8 take da shi, wato Yuro 1 da rabi a kowane littafi, kimanin jikka guda. In rana ta yi kyau ta zana 30 cikin awa takwas, ta tashi da Yuro 45 ke nan, alhali a 2025 mafi ƙanƙancin ladan da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Faransa Yuro 11,88 ne a awa guda. Ko rabin ladan mai shara ba ta kai ba. Wannan ɗin ma ba ya shiga hannunta, domin an ba ta kafin alƙalami lokacin da ta sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma sai cinikin littafin ya biya wannan bashi tukuna za a fara ƙirga mata wani abu. Kafin alƙalamin kuwa ya ƙare tun a shekarar farko ta aikin, ga kuɗin haya da na cefane.

Ranar ba ta ma yi kyau ba. A tebur na kusa da nata akwai wani mai zanen dodanni da jarumai masu takobi, wanda layinsa ya kai har bakin ƙofa, sai da aka raba wa mutane lamba. Ita kuwa ta yi awa guda tana murmushi ga masu wucewa, suna ɗaga littafin, su buɗe, su ga baƙi da fari, su ajiye a hankali kamar kada su tashi mai barci. Wajen tsakar rana wani mutum ya iso da akwati mai ƙafafu da ƴar kujera mai naɗewa, alamar waɗanda ke bin irin waɗannan kasuwanni daga gari zuwa gari. Ya sayi littafi, ya miƙa mata.

Ta ce, “Da sunan wa zan sa?”

Ya ce, “Kada ki sa suna, Madam. Zanen kawai, da launi in zai yiwu.”

Ta san ma'anar wannan. Littafin da ba a sa sunan kowa ba ya fi saurin shiga a eBay, kuma ta taɓa ganin zanenta a can da kuɗin da ya ninka na littafin sau uku. Ta dube shi, ta dubi mai kantin da ke tsaye yana jiran ciniki, ta tsoma alƙalami a tawada. Mutumin bai ko kalli hannunta ba, yana duba takardar sunayen waɗanda suka rage masa.

Da yamma aka kai su ɗakin karatu na garin, inda aka rataya shafuka 20 na ainihin zanenta a bango. Magajin gari ya yi jawabi a kan muhimmancin al'adu, aka tafa, aka sha abin sha. An biya wanda ya sa zanen a gilashi, an biya mai abinci, an biya mai buga takardar gayyata. Ita an biya mata jirgi da otel, aka gode mata. Masu shirya irin wannan nuni sukan ce ai suna ne take samu, kuma wata rana zanen zai yi kuɗi. Lalle akwai zanen da ya yi kuɗi. A watan Janairu na 2021 an yi gwanjon wani zane da Hergé ya yi domin bangon littafin Tintin a Paris, aka saye shi kusan Yuro miliyan 3,2, fiye da biliyan 2 na Sefa. Amma Hergé ya rasu tun 1983, kuma a bayan kowane irinsa akwai ɗaruruwa da shafukansu ke kwance a ƙarƙashin gado. Waɗanda ke zane a kwamfuta ma ba su da takardar da za su sayar.

Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardi ma yawo yake da kurarsa kasuwa-kasuwa. Abin da ya sa maganar ta yi wuyar warwarewa a nan shi ne ba a iya nuna gardi guda. Mai buga littafinta da kansa yake ɗaukar kwali a bayan tsohuwar motarsa, bai fi ta samu ba. Masu aikin kasuwar yawancinsu ƴan sa kai ne, malaman makaranta da ƴan fansho. Kuɗin yana warwatsuwa ne zuwa ga mai otel da mai gidan abinci da kamfanin jirgi da mai kanti, da garin da ya samu baƙi. Kowa ya ɗan lasa, kuma kowa yana da gaskiya in ya ce shi ba shi ya ci ba.

Ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba. Babbar kasuwar wannan sana'a tana Angulem, wani gari mai mutum wajen dubu 42 a bakin kogin Sharant, a kudu maso yammacin Faransa. Tun 1974 ake yin bikin bede a can a ƙarshen Janairu, a kafa manyan rumfuna a dandalin gari, masu shirya shi kuma sukan ce baƙi suna kai dubu 200 cikin kwana huɗu. A can ne Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, labarin ƴan matan wata unguwa ta Abijan, ya ci kyautar littafin farko a 2006. A can ne kuma ɓacin rai ya fara fitowa fili. A watan Janairu na 2015 ɗaruruwan masu zane suka bar teburansu suka yi jerin gwano a titunan garin. A 2016 aka bayyana sakamakon wani bincike da masu sana'ar suka yi da kansu a kan mutum wajen 1.500: 53 cikin 100 ba sa samun mafi ƙanƙancin albashi na shekara, 36 cikin 100 kuma suna ƙarƙashin mizanin talauci. A wajen mata abin ya fi muni, 67 da 50 cikin 100. A wannan shekarar ce aka fitar da sunaye 30 na masu takarar babbar kyautar bikin babu mace ko guda, har Riad Sattouf da wasu suka ce a cire sunayensu.

A Janairu na 2020 rahoton da Bruno Racine ya miƙa wa ministan al'adu ya tabbatar da cewa masu ƙirƙira suna ƙara talaucewa alhali kasuwar littattafai tana tafiya, masu zane kuma suka sake ajiye alƙaluma a Angulem. Sai a 2022 aka cimma wata yarjejeniya: a wasu manyan bukukuwa, wajen goma da farko, za a ba kowane mai zane da ya zo dedikas Yuro 226 kafin a cire haraji, kimanin jikka 148, na bikin gaba ɗaya. Cibiyar littafi ta ƙasa da hukumar Sofia da wanda ya gayyaci mai zanen su ke haɗa kuɗin. Abin kaɗan ne ga aikin kwana biyu ko uku, amma ya kafa wata magana da aka daɗe ana musu a kanta, wato zama a teburin nan aiki ne. Ƙananan kasuwanni irin wadda matar ta je ba su shiga tsarin ba.

Mai hankali zai ce to ta zauna gida mana. Ita ma takan faɗa wa kanta haka a ɗakin otel, tana jiƙa wuyan hannunta da ruwan ɗumi. Amma ranar Lahadi da hantsi wani tsoho ya zo ya tsaya a gaban teburin, hula a hannu. Bai ɗaga littafin ya buɗe ba, da alama ya san shi. Ya ce a ɗakin karatu ya are shi, ya karanta sau biyu, yau kuma ya zo ya sayi nasa. Shekara 34 ya yi a wata masana'antar takalma da ke bayan gari, ita ma an rufe ta.

Ya ce, “Madam, a shafi na 62 akwai yadda mahaifinki ya riƙe wuƙa, babban yatsa a kwance a bayanta. Wanda bai tsaya kusa da mai yankan fata ba, ba zai san haka ba.”

Ta ce tun tana ƙarama take kallonsa, kuma ya rasu wata shida kafin littafin ya fito.

Tsohon ya yi shiru. Can ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur, yatsun sun karkace, na dama da tsohon tabo, ya tambaye ta ko za ta iya zana su, da sunan jikansa wanda bai taɓa ganin cikin masana'anta ba. Minti 40 ta yi a kan wannan zane. Mutum uku suka taru a bayansa, babu wanda ya yi ƙorafi, biyu daga cikinsu ma suka sayi littafin. Da ta gama ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro ƙunshin takarda daga aljihun kwat ɗinsa ya ajiye mata: tuffa huɗu ne daga bishiyar gidansa. A duk tafiye-tafiyenta na shekarar, shi ne mutum na farko da ya tuna cewa wanda ya kawo kyauta ana ba shi tukuici.

Shekara uku ta yi ita kaɗai a ɗaki tana zana wannan littafi, ba ta san ko akwai wanda zai gane shafi na 62 ba. Takardar lissafin da mai buga littafi ke aiko mata sau ɗaya a shekara ba ta faɗin irin wannan. A teburin nan kaɗai ake jin sa, kuma masu shirya kasuwanni sun san da haka. Shi ya sa ba sa shakkar gayyata ba da lada ba, don sun tabbata za a zo.

A cikin jirgin komawa gida ta buɗe wayarta ta tarar da saƙonni sun taru, duka a kan Angulem. Tun Janairu na 2025 jaridar L'Humanité ta buga bincike a kan kamfanin da ke shirya bikin, inda aka zarge shi da rufa-rufa a harkar kuɗi da kuma korar wata ma'aikaciya bayan ta kai ƙarar fyaɗe. Ɗaruruwan masu zane, mata a kan gaba, suka ce ba za su taka garin ba muddin ba a canza hannu ba. Anouk Ricard, wadda ta ci babbar kyautar 2025, tana cikinsu. Matar ta daɗe tana ja da baya, domin a kwana huɗun nan ne mai buga littafinta yake cinikin da ke riƙe shi har bazara, kuma shi ne ya karɓe ta lokacin da kowa ya ƙi. Ta kira shi kafin jirgin ya shiga tasha. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya riga ya yi lissafin asarar, kuma shi ma ba zai je ba. A daren ta sa sunanta.

Manyan gidajen buga littattafai su ma suka janye, kuma a farkon Disamba na 2025 aka ba da sanarwar soke bikin 2026. Rikicin ba a kan ladan dedikas ya tashi ba, amma ya nuna abin da masu zane suka yi shekara goma suna faɗa ba a ji ba. Ga rumfuna, ga otel-otel, ga jiragen ƙasa, amma da waɗanda ke zama a bakin tebur suka ce ba su zuwa, babu abin da ya rage da za a nuna wa jama'a. Asarar ta faɗa wa mutane da yawa da ba su da laifi, daga masu gidajen abinci na Angulem har ƙananan masu buga littattafai, da sababbin masu zane da suka sa rai a ga littafinsu na farko a can.

Ƙarshen Janairu na 2026 ya same ta a gida, karo na farko cikin shekaru da yawa. Ta zauna a teburin kicin tana amsa takardun gayyata na bazara, ɗiyarta a gefe tana aikin makaranta. A kowace amsa ta ƙara layi guda da ba ta taɓa rubutawa ba, tana tambayar nawa aka tanada domin aikin kwana biyu. Wasu ba su sake amsawa ba. Biyu sun ce za su nema a kasafinsu, ɗaya ya ce ba a taɓa yi musu irin wannan tambaya ba. Ƙaramin garin nan na Nuwamba ya rubuto cewa abin da ke hannunsu bai wuce kuɗin jirgi da otel ba, amma za su kai maganar gaban majalisar gari.

Yarinyar ta leƙo ta ce, “Mama, waɗannan ma za ki ƙi su?”

Uwar ta ce a'a, waɗannan za ta je, domin akwai wani tsoho a can da take son ta ji ko jikansa ya karanta littafin. Gyara na mai tiya ne, shi ke duban fuska ya san wanda zai ƙara wa. Ta rubuta musu cewa ta karɓi gayyatar, ta kuma roƙi a sanar da ita abin da majalisar ta yanke kafin ta sayi tikiti.